Rifkatu Ɗanladi Biyu a Layi Ɗaya

Ran nan ina zaune a ofis na ji wata mai bautar ƙasa tana gaya wa ƙawarta cewa aikina ba aiki ba ne, wai danne-danne ne kawai, ko ɗan firamare aka ba kwamfuta zai iya. Ba ta san ina ji ba, don kabad ɗin fayil ya kare ni. Na miƙa mata takardar da ta zo nema, ta karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa. To, ita da ire-irenta nake yi wa wannan rubutu, tunda saura mini 'yan watanni in ajiye aiki. Sunana Hannatu. Shekara talatin da biyu ke nan ina akawu a ofishin wata makarantar sakandare a nan Kafanchan, kuma har yau ban gama mamakin abin da na gani a kan teburin nan ba.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke tafireta. Ba bugawa ba, wankewa. Maigidana a ofis, Baba Dogara, wani siririn tsoho ne daga wajen Zangon Kataf, wanda ya yi akawu a tashar jirgin ƙasa kafin ya dawo makaranta. Ya ba ni tsohon buroshin haƙori da kananzir a murfin kwalba, ya ce in bi haruffan ɗaya bayan ɗaya in cire tawadar da ta daskare a cikinsu. Sati uku na yi ina wannan kafin ya bari in sa takarda. Daga nan sai kabon: takarda uku, kabon biyu a tsakani, ka buga da ƙarfin da ta ukun za ta karantu, amma ba ƙarfin da zai huda ta farkon ba. Sai sitensil na tambayoyin jarrabawa. In ka yi kuskure a kansa, akwai wani jan ruwa mai warin jan farce da za ka ɗiga, ka hura da baki, ka jira ya bushe, ka sake bugawa. In an gama a ɗaura shi a injin juyawa, a yi ta murza hannu har kafaɗa ta ƙage. Makon jarrabawa da baƙar tawada har gwiwar hannu nake zuwa sujada a coci.

Duk wannan wasa ne in aka zo kan babbar rajista, wato littafin da ake rubuta sunan kowane yaro ranar da ya shigo makaranta. Baba Dogara bai bar ni na taɓa ta ba sai da na shekara. Ranar da ya buɗe mini ita ya ɗora tafin hannunsa a kan shafin. Shi a bakinsa kowa "ka" ne, mace ko namiji.

"Hannatu, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Wannan ba tawada ba ne, mutane ne. Ba a kashe suna sai an ga mai sunan. Ko an ce maka yaro ya bar makaranta, ka ga shi, ko ka ga baban shi. In dole ne, ka ɗauki rula da jan biro, layi ɗaya kawai, yadda gobe wani zai iya karantawa."

Doka ta biyu kuwa ba da baki ya fara koya mini ba. Wata rana firinsifal na lokacin ya ba mu wasiƙar taron iyaye, ya faɗi ranar da ba ita ba. Muka buga yadda ya faɗa. Iyaye suka bar gonakinsu suka cika harabar makaranta kwana ɗaya kafin taron. Ina kallo Baba Dogara ya fita ya tsaya a gabansu, ya cire hula, ya ce hannunsa ne ya zame a kan tafireta. Suka wanke shi tas, ya shanye. Da ya dawo ya ga ina zare ido, sai ya ce, "Kuskuren babba, akawu ne yake ɗauka. Haka ne zaman ofis." Na riƙe wannan ma. A shekarun da suka biyo baya na ɗauki kuskuren firinsifal biyar a kaina, har na ƙware, ina faɗin "ni ce, Sa" fuskata ko gezau.

Mummunar shekararmu ta zo bayan Baba Dogara ya yi ritaya. A dogon hutu na damina iska ta ɗaga kwano ɗaya a kan sito, ba wanda ya lura. Ruwa ya yi ta zuba a bayan kabad, gara ta biyo laima. Da aka dawo hutu na sa makulli na buɗe, sai ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Rajistar shekara goma sha ɗaya ta zama shuri. Bangon littattafan na nan lafiya lau, har da rubutun Baba Dogara a jiki, amma in ka ɗaga sai ka ga ba komai a ciki.

A cikin watan ne wani tsohon ɗalibinmu, Iliya, ya zo neman takardar shaida. Ya samu aiki, an ba shi sati ɗaya ya kawo ta. Na san fuskarsa, na san mahaifiyarsa mai sayar da doya a bakin kasuwa, na tuna har kujerar da yake zama a aji. Amma firinsifal ya ce ba zai sa hannu a kan abin da babu shi a littafi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kwana uku Iliya yana zuwa yana zama a bencin da ke ƙofar ofishina, ran na huɗu bai zo ba. Aikin ya wuce shi. Yanzu acaɓa yake yi a gari, kuma duk ranar da ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya gaishe ni ya kai ni gida. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. Shekara biyu muka yi muna tattara sunaye daga tsofaffin katin sakamako da bakin tsofaffin malamai. Har Nok na je a bayan babur, ta hanyar da ƙafa kaɗai ta sani, don wani malami mai ritaya ya karanto mini 'yan ajinsa da ka. Duk da haka ba mu samu rabi ba.

Saboda haka ranar da Malam Sani ya zo da zancen sabuwar manhaja, da kunne ɗaya na saurare shi. Malam Sani shi ne malamin kwamfuta, ɗan gidan fataken citta ne na cikin kasuwa, tun kakanninsa a nan garin aka haife su. Mutum ne mai haƙuri, irin wanda zai nuna maka abu sau goma bai canza murya ba.

"Mama Hannatu, takarda ɗaya ce," in ji shi, "amma kowa zai iya rubutu a cikinta a lokaci guda, daga duk inda yake."

Na ce, "Takarda ɗaya, alƙalami ashirin? Malam, ai faɗa ka kawo mana."

Ya yi dariya ya ce in zauna in gani. Ya buɗe mini takardar makin 'yan aji huɗu, ya buga waya, ya ce wa wani, "To, shiga." Ina kallo sai ga wani ɗan akwati mai launin shunayya ya bayyana a kan layi, da suna a samansa: Madam Laraba. Ita ce malamar lissafi, kuma na san tana wankan jego a gidan mahaifiyarta a Zangon Kataf, don da ni aka raka ta tasha. Akwatin ya gangara, lamba ta fito. Ya sake gangarawa, wata ta fito. Na janye hannuwana daga kan tebur na ɗora a cinya, don in tabbatar ba ni nake taɓa wani abu ba. Lambobin suka ci gaba da fitowa. A wani wuri ta rubuta arba'in da ɗaya, ta tsaya, ta goge, ta mai da shi arba'in da bakwai, kamar ina jin numfashinta a bayana. Na ga zuwan talabijin, na ga zuwan wayar hannu, amma waɗannan murya ce da hoto. Wannan kuwa hannun mutum ne yake aiki a kan teburina, mai hannun yana wani gari da jariri a cinya.

Da na dawo hayyacina, tambaya ɗaya na yi masa. Na ce a ina takardar take kwana? Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, ya zare wayar wuta, ya fito da wayarsa daga aljihu ya buɗe. Ga ta nan, har da arba'in da bakwai ɗin. Na ce, "In ruwa ya zubo fa? Gara fa?" Ya ce ko ofishin ne ya rushe, tana nan. Bencin ƙofa kawai na juya na kalla.

Mu muka raɗa mata suna gayya, don ba ta da maraba da gonar da aka taru a kanta, kowa da kunyarsa. Cikin zango biyu komai ya koma can: jadawalin darussa, jerin malaman da ke kan duti, makin gwaji, wasiƙun iyaye, sunayen ɗalibai. Jadawalin nan da nake kwashe sati guda a kansa da fensir da magogi, in manna a allo, malami ya zo ya ce na sa shi a aji biyu a lokaci ɗaya, yanzu kowa yana ganin na kowa, in an yi karo wurin ya yi ja nan take. Wasiƙar da a da sai ta zaga tebur huɗu kafin a sa hannu, yanzu ina rubutawa mataimakin firinsifal yana gyarawa daga ofishinsa. Amma kada ku ɗauka aiki ya ragu. Tsara wanda zai iya rubutu a ina, da wanda kallo kawai zai yi, da bin malamin da ya zuba makin aji biyu a gurbin aji uku, duk a kaina suka dawo. Gonar gayya ma in babu mai raba kunya, shirme ake yi.

Abin da masu ƙera ta ba su yi lissafinsa ba shi ne halinmu. Mu nan ba a tsoma baki inda babba yake. A lokacin an kawo mana sabon firinsifal, Mista Bulus, mutumin Gwantu, dattijon ikilisiya ne, ba ya wasa da aiki, kuma da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta. Launinsa a gayya kore ne. Da zarar koren nan ya bayyana a saman takarda, sai ka ga sauran launuka suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yara in uba ya shigo falo. Akwai lokacin da ya bar kwamfutarsa a buɗe a jikin wuta ya tafi taro Kaduna kwana biyu. Ba wanda ya zuba maki ko ɗaya. Da ya dawo ya tarar da takarda wayam ya tambayi dalili, sai aka ce, "Sa, ai mun ga kana ciki ne." Ranar nan dariya muka yi, ba mu san abin da ke gaba ba.

Aikin da ya fi kowane nauyi a ofishin makaranta shi ne jerin sunayen 'yan ajin ƙarshe da za a tura wa hukumar jarrabawa. Sunan da bai shiga ba kafin a rufe, mai shi ya yi asarar shekara, kuma a ƙauyukanmu yarinyar da ta koma gida jiran baɗi ba kasafai take dawowa ba. Tsarin da ake bi shi ne, mu cika jerin a gayya, firinsifal ya duba, ya kulle shi yadda ba mai iya ƙari ko ragi sai shi, ya amince da lambarsa ta sirri, sannan Malam Sani ya tura. Hukumar ba ta karɓar suna ko ɗaya da bai bi ta wannan lambar ba. A shekarar da nake ba ku labari, ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma za a rufe.

A ajin akwai yara biyu daga Nok, dukansu Rifkatu Ɗanladi. Iyayensu maza wa da ƙane ne. A wata ɗaya aka haife su, jim kaɗan bayan rasuwar kakarsu Rifkatu, sai kowane gida ya mayar da sunan tsohuwa. Ɗanladi kuwa sunan kakansu ne, shi duk zuriyar ke amsawa a makaranta. Ranar haihuwa ma ɗaya ce a takarda, don ranar da aka kai su coci tare aka sa musu albarka ita fasto ya rubuta a katin kowacce. Ga shi uban ɗayar ya rasu tana ƙarama, wan ya ɗauke ta, saboda haka sunan mai kula da su ma ɗaya ne. A gida da makaranta Babba da Ƙarama ake ce musu, amma a takarda layi biyu ne iri ɗaya sak, in ban da lambar shiga makaranta. Duk wanda ya daɗe a makarantar ya san da haka. Mista Bulus kuwa watansa biyar da zuwa.

Ranar Litinin ta makon da za a rufe ya zauna ya bi jerin layi-layi, ranar Talata ya kulle ya amince. Ranar Laraba aka bugo masa waya cewa wansa ya rasu, ya kama hanyar Gwantu. Ni kuma ranar Alhamis na yi abin da matasan malamai ke yi mini dariya a kansa. Na buga jerin a takarda, na ɗauka na shiga aji da ƙafata, ina kiran suna, mai shi yana miƙewa ina ganinsa da idona. Da na zo layi na hamsin da huɗu na ce, "Rifkatu Ɗanladi," sai yara biyu suka miƙe. Na duba layi na gaba don in sake kira, sai na ga wani suna daban. Na bi takardar da yatsa sama da ƙasa sau uku. Layi ɗaya ne, kuma lambar shiga makarantar da ke jikinsa ta Babba ce.

Ƙarama tana tsaye, ta ce, "Mama, nawa fa?"

Na ce, "Zauna, naki yana zuwa." Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zai zo ba.

Na wuce ɗakin malamai na sami Mista Garba, malamin ajin. Tun kafin in gama magana ya sunkuyar da kai.

"Mama, na gan shi," in ji shi. "Ran Monde ina ciki lokacin da Oga ya goge. Ba ni kaɗai ba ma, mu uku ne."

"Ka gani ka yi shiru?"

"To, na ce maybi Oga ya san wani abu ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Mutane ma suna cewa ko yarinyan ya yi wani laifi ne, ruwa ba ya tsami banza."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato ba sunanta kaɗai aka goge ba, har an fara ɗinka mata rigar da ba tata ba. Na ce masa ni dai ban ga rimi a nan ba, yarinya na gani a tsaye a aji, kuma duk wanda na sake jin wannan magana a bakinsa, da ni zai yi.

Malam Sani ya ce in zo ya nuna mini wani abu da bai taɓa nuna mini ba, wai shi tarihin takarda. Ya danna wani wuri a sama, sai ga ranaku sun jeru a gefe, kowace da lokacinta da sunan wanda ya taɓa. Yana dannawa takardar tana komawa baya, jiya, shekaranjiya, makon jiya. Har wani kuskure na gani nawa, da na yi sati uku da suka wuce na gyara cikin minti ɗaya ina murna ba wanda ya gani. Yana nan, da sunana. Sai muka zo Litinin, ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ga layin Ƙarama nan cikin koren launi, an ja masa layi ɗaya siriri ta tsakiya, kuma ana iya karanta kowane harafi. Na daɗe ina kallo, bakina a buɗe. Abin da Baba Dogara ya koya mini da rula da jan biro ke nan. Ban san su waye suka ƙera wannan abu ba, ko a wace ƙasa suke, amma lallai akwai wanda ya taɓa zama akawu a cikinsu.

Ganin sunan bai dawo da shi ba. Takarda a kulle take, mabuɗi yana Gwantu. Muna iya barin saƙo a gefen layin, amma duk malamai za su gani, wato mun tsaya a tsakar kasuwa mun ce babba ya yi kuskure, kuma yana cikin makoki. Mataimakin firinsifal ya ce shi bai isa ba. Na yi ta kiran wayar Mista Bulus har aka tashi, a kashe. Sai ranar Juma'a da safe na same shi ta wayar matarsa. Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, na tambayi mutanen gida, na ce Ubangiji ya ta'azantar da su. Sannan na jawo dokar Baba Dogara ta biyu.

"Sa, na yi wani kuskure ne a jerin 'yan jarrabawa. Hannuna ya goge suna ɗaya, kuma ba mai iya mayarwa sai kai. Rifkatu Ɗanladi su biyu ne, 'yan wa da ƙane."

Ina jin waƙar zumuntar matan coci a bayansa. Ya ce, "Su biyu ne?" Na ce su biyu ne. Ya ce yanzu za a shiga sujada, daga nan sai kabari, kuma netwok ɗin garin sai an fita bakin titi, amma zai duba.

Da na ajiye waya Malam Sani ya girgiza kai. "Mama, in ya buɗe zai gani fa. Gayya ba ta bari a ɗaukar wa wani laifi." Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Shekara talatin ina rufa wa manya asiri da "ni ce, Sa", yau ga abin da ba ya karɓar wannan magana. Na yi wa dattijo ƙarya a ranar da yake binne ɗan'uwansa, kuma zai ga ƙaryar da idonsa.

Da aka tashi tara Ƙarama ta zo ofis. Ba ta tambayi komai ba, ta samu wuri a bencin ƙofa ta zauna, daidai inda Iliya ya zauna. Na ce ta koma aji, ta ce malaminsu ya ba ta izini. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Malam Sani ya je masallaci ya dawo, ya tayar da janareto don kada wuta ta ba mu kunya. Aka tashi makaranta, yara suka watse, ita tana nan da jakarta a cinya. Malamai ma ba su tafi ba, suka yi ta shigowa ɗaya-ɗaya kamar masu neman wani abu a kabad, har ofis ya cika. Ƙarfe uku ta wuce, hadari ya haɗo ta gabas.

Uku da minti ashirin koren ya bayyana. Akwatin ya fara gangarowa a hankali, ya kai layi na talatin, ya ɓace. Wata malama ta ce, "Yesu." Minti shida muna kallon wurin da babu komai, sannan ya dawo. Ya kai hamsin da huɗu ya tsaya, ya daɗe a tsaye, na san tarihin yake dubawa. Sai sabon layi ya buɗe a ƙasa. Da ya danna wuri ɗaya da komai ya dawo da kansa, amma bai san wannan ba, ko kuwa ya sani bai so ba. Da yatsansa ɗaya ya shiga rubutawa, harafi ya fito, a jira, wani ya fito. Muna tsaye a Kafanchan muna kallon hannun mutumin da ke tsaye a bakin titi a Gwantu, da jar ƙasar kabarin wansa a takalmi, yana mayar da yarinya cikin 'yan ajinta. Na ga abubuwa a aikin nan, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Da ya gama sai ga saƙo ya fito a gefen layin, inda kowa zai gani. Malam Sani ya karanta a bayyane: "Hannatu ta ce ita ce. Ba ita ba ce, ni ne, na gani a tarihi. Daga yau duk wanda ya ga na yi kuskure ya rubuta a nan. Ba raini ba ne."

Can sai na ga wani launi ya shigo takardar alhali koren yana ciki, abin da bai taɓa faruwa ba. Na waiwaya, Mista Garba ne riƙe da wayarsa. Ya rubuta a ƙarƙashin saƙon: "Sa, ba ka sa lambar shiga makaranta ba." Koren ya koma ya sa. Ya kulle, ya amince, Malam Sani ya tura saura minti goma sha ɗaya, ruwa kuma ya sauko.

To, ku masu cewa danne-danne ne, ga abin da zan bar muku. Gayya ba ta mantuwa, gara ba ta cin ta, kuma ta karya mini doka ɗaya cikin biyun da aka koya mini, ban kuma yi baƙin ciki ba. Amma ba ta san cewa in an kira suna ɗaya mutum biyu za su iya miƙewa ba. Wannan sai wanda ya ɗauki takarda ya shiga aji da ƙafarsa. Duk wanda zai gaji kujerar nan, da wannan zan fara shi, kamar yadda aka fara ni da buroshi da kananzir.

Na fita ƙofa na ce, "Rifkatu Ɗanladi." Ta miƙe. Na ce layinta ya dawo, ta je gida ta yi karatu. Ta durƙusa ta yi godiya, ta sa jakar a ka ta shiga cikin ruwan da gudu.

Da ruwa ya tsagaita na fito bakin hanya, sai ga Iliya a kan babur ɗinsa. Ya goge mini kujera da tsumma na hau. A hanya na kwashe labarin duka na ba shi, ban san abin da ya sa ba. Muka tsallake layin dogo. Sannan ya ɗan juyo da kai.

"Ita dai ta samu, Mama, mun gode Allah," in ji shi. "Riƙe da kyau, akwai rami a gaba."